Tambayoyi da amsoshi kan ire-iren ɗaukar hoto a fim

Waɗannan su ne tambayoyin da matasa masu shirya fim a Yamai suka fi yi idan aka zo maganar kyamara, tun daga mai ɗaukar gajeren wasa da salula har wanda ya yi hayar babbar kyamara. A wurin aiki za ka ji ana faɗin sunayen da Faransanci, palan kaza, palan kaza. Mu a nan mun kira kowace ɗauka da sunan wurin da firam, wato iyakar hoton, ke yanke jikin mutum, don ya fi saurin zama a ka.

Mece ce ɗauka, kuma iri nawa ce?

Ɗauka ita ce abin da kyamara ta naɗa daga lokacin da aka danna ta zuwa lokacin da aka tsayar. Fitowa guda, a ce gardamar miji da mata a tsakar gida, tana iya cin ɗauka 8 ko 15. Abu uku ke bambanta su: girman mutum a cikin firam, tsayin da aka ajiye kyamara, da motsinta.

Ta fuskar girma, ana farawa daga ɗaukar sarari, inda wuri ne ke magana, mutum kuwa ɗan tsito ne a ciki, kamar gadar Kennedy da kogi a ƙarƙashinta. Sai ɗaukar cikakken jiki, daga hula har takalmi. Sai ɗaukar cinya, wadda ake ce wa palan amerikan, domin ta samo suna daga finafinan kaboyi na Amurka, inda ake son a ga fuska tare da bindigar da ke rataye a ƙugu. Daga nan sai ɗaukar ƙugu, ɗaukar ƙirji, ɗaukar fuska da ake kira guro palan, sai ta ƙurewa, inda ido ɗaya ko leɓe ko yatsa ke cika firam. Bakwai ke nan. A yawancin finafinan hira, ta ƙugu da ta ƙirji su ke ɗauke da nauyin aikin.

Me ya sa ake hana yanke mutum a gwiwa ko a wuya?

Saboda ido yana karanta gefen firam tamkar wuƙa. Idan layin ya faɗa daidai gaɓa, wato wuya, gwiwar hannu, gwiwa ko idon sawu, sai mutum ya zama kamar an datse shi. Ka yanke tsakanin gaɓoɓi: tsakiyar cinya, ƙasan ƙirji, ɗan ƙasa da kafaɗa. Idanun ɗan wasa su zauna a kan layin kashi ɗaya bisa uku daga sama. Ka bar masa fili a gefen da yake kallo, kada hancinsa ya tokari bakin firam. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sa fuska tsakiyar firam cif, a bar rabin hoton sama fayau da bango.

Mai doguwar hula ko mace mai babban ɗaurin kallabi, a ɗaukar fuska ba laifi a yanke saman hular. Haɓa ce ba a so a taɓa, domin tana sauka ƙasa duk lokacin da aka buɗe baki.

Yaushe ya kamata in shiga ɗaukar fuska?

Lokacin da abin da ke cikin zuciyar mutum ya fi abin da ke bakinsa muhimmanci. Idan ka fara fitowa da fuska, ka ci gaba da fuska, to sa'ad da uwa ta ji labarin da zai girgiza ta ba ka da sauran wurin matsawa. Ka riƙe ta a hannu, ka sake ta a kan jimla ɗaya ko biyu da suka juya fitowar.

Sannan ba dole ba ne a nuna mai magana. Sau da yawa fuskar mai sauraro ta fi. Wani mai shirya fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan kusan shekara 100 da suka wuce: ya haɗa fuska ɗaya tak da hotuna dabam-dabam, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, alhali fuskar ba ta sauya ba. Ke nan ɗan wasa ba ya bukatar zaro ido da murguɗa baki a ɗaukar fuska. Ɗan motsin gira ya isa, abin da ke gabansa da bayansa a montaj, wato haɗa hotunan fim, zai ƙarasa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. A gidajenmu, amarya ba ta ɗaga ido ta kalli surukinta, yaro ba ya ƙura wa mahaifinsa ido. Idan ka tilasta ƴar wasa ta ɗago kai don kyamara ta sami idonta, ka ɓata gaskiyar fitowar, kuma kowane mai kallo zai ji haka. Ka sauko da kyamara ƙasa da fuskarta kaɗan, ka kama idon daga inda ya sunkuya. Ko ka bar fuskar gaba ɗaya ka koma hannu: yatsu masu lalle suna murza bakin mayafi, suna saki, suna sake kamawa. Dattijo kuma carbinsa ya tsaya cak tsakanin yatsu biyu sa'ad da aka ambaci sunan da ba ya son ji. Mai rawanin da ya rufe baki da hanci, idanunsa kaɗai gare ka, sai ka matsa ka tabbatar da ɗan ɗigon haske a cikin ƙwayar idon, in ba haka ba fuskar ta mutu.

Na matso da salula kusa da fuska, sai hanci ya yi girma. Me ya jawo?

Kusancin ne. Babban gilashin kyamarar yawancin saluloli yana daidai da milimita 24 zuwa 26, mai faɗin gani ne (ƙaramar lamba ta fi faɗin gani), don haka kafin fuska ta cika firam sai ka zo dab da ita. A wannan kusanci hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara ƙwarai, sai ya kumbura su kuma su ƙanƙance. Ka ja baya mita 1.5 zuwa 2, ka koma gilashin 2x ko 3x idan wayar tana da shi na gaske. Zuƙowa da yatsu biyu a kan allo yanka hoto ne kawai, ingancin zai faɗi.

A babbar kyamara, ana ɗaukar fuska da milimita 85 zuwa 135. Amma a kula: milimita 85 a buɗin gilashi na f/1.8 (ƙaramar lamba, babban buɗi), daga mita 1.5, abin da ke fitowa tsaf bai wuce santimita 3 ba. Ɗan wasa ya ɗan gyaɗa kai, ido ya yi fulu, wato dishi-dishi. Ka rufe zuwa f/4, za ka sami kusan santimita 7, bayan kuma zai ci gaba da yin laushi. Kullum saiti a kan idon da ya fi kusa da kyamara.

Gilashi ɗaya kawai zan iya saye. Wanne?

Na milimita 35 ko 50. Ka dai san girman farantin kyamararka, wato ɓangaren da ke karɓar hoto a bayan gilashi: a ƙananan faranti na APS-C ana ninka lambar sau 1.5, a na Canon sau 1.6, don haka 50 ya zama kamar 80, kuma a ɗaki mai mita 3 za ka jingina da bango ba ka sami cikakken jiki ba. Ga irin wannan kyamara 24 ko 35 ya fi.

A wane tsayi ake ajiye kyamara?

A tsayin idon wanda ake ɗauka, ba na mai kyamara ba. Nan ne finafinanmu da yawa ke tuntuɓe. Rabin rayuwarmu a ƙasa take: tabarma, kujerar tsuguno, cin tuwo, fadar shayi, gaisuwa da durƙuso. Mai kyamara ya tsaya ƙiƙam a tsayin mita 1.6 yana leƙo mutane daga sama, sai a ga tsakar kai da ƙasa, maigida da kansa ya koma kamar yaron da ake wa faɗa. Ka sauke ƙafafun tirefiye, wato maɗorin kyamara mai ƙafa uku, zuwa santimita 70 ko 80. In ba ya sauka haka, ka ɗora kyamara a kan turmi da aka kife ko buhun yashi. Yasujiro Ozu, wani mai shirya fim na Japan, ya yi suna da wannan, don mutanensa ma a kan tabarma suke zama, sai ya sauko da kyamara inda suke.

Ɗauka daga sama tana ƙasƙanta mutum, daga ƙasa tana ɗaukaka shi. Amma ba sai ka wuce gona da iri ba. A fitowar da ɗa ya durƙusa gaban mahaifinsa da ke kan kujera, bambancin tsayin ya riga ya kasance. Ka ɗauki uban daga tsayin idon ɗan, ɗan kuma daga tsayin idon uban, girma da biyayya za su fito da kansu. Karkatar da kyamara gefe guda kuwa na ruɗewa ne ko maye ko firgita. Sau ɗaya ko biyu a fim ya wadatar.

Yaya ake ɗaukar mutum biyu suna hira?

Ka fara da jan layi a zuci daga hancin wannan zuwa hancin wancan. Ka zaɓi gefe ɗaya na layin, duk wurin da za ka ajiye kyamara ya kasance a wannan gefen. Ita ce dokar digiri 180. Amfaninta shi ne wanda ke kallon dama ya ci gaba da kallon dama, abokinsa yana kallon hagu, sai mai kallo ya yarda suna fuskantar juna. Ka tsallaka layin, su biyun za su juya gefe ɗaya, kamar kowa na magana da ƙeyar ɗan'uwansa.

Tsarin aikin kuwa: ɗauka ta farko ta haɗa su biyun, a yi fitowar daga farko har ƙarshe. Ta biyu ta bayan kafaɗar na farko, ana ganin fuskar na biyu, a sake yin fitowar duka. Ta uku kishiyarta, da gilashi ɗaya, tazara ɗaya, tsayi ɗaya, in ba haka ba kan wani zai fi na wani girma. Sannan fuskar kowa shi kaɗai, abokin wasansa na tsaye dab da gefen gilashi don kallon ya faɗi daidai. Kada a sallami abokin ya tafi hutawa a bar ɗan wasa yana magana da iska, idonsa zai yi ta yawo.

A fada, inda samari shida suka kewaye butar shayi, layin yana sauyawa duk sa'ad da magana ta koma wani baki. Dabarar ita ce a bar zaman kamar kofaton doki, buɗe ta gefen kyamara, kuma in sabon mutum ya sa baki a koma ɗauka mai faɗi na daƙiƙa 2 ko 3 kafin a sake shiga. A filin kokowa ma haka ne, duk kyamarori a gefe ɗaya na da'irar, kada ɗan kokowar da ke hagu ya ɓullo a dama a tsakiyar kamu.

In dole ne a tsallaka, a yi shi a idon mai kallo: kyamara ta zagaya cikin ɗaukar, ko ɗan wasa ya tashi ya sauya wuri.

Me ya sa hoto ke yin tsalle idan an haɗa ɗauka biyu?

Sun yi kama da yawa. Idan za ka yanke daga mutum zuwa shi wannan mutumin, ka gusa da kyamara aƙalla digiri 30, ka kuma sauya girma sosai, kamar daga ƙugu zuwa fuska. Daga ƙugu zuwa ƙirji a wuri ɗaya, kai zai yi zillo kawai. Wani dalilin shi ne rashin daidaito: a ɗauka mai faɗi kofin shayi cike yake a hannun dama, a ta kusa ya koma rabi a hannun hagu. A sa mutum ɗaya aikinsa ke nan, yana ɗaukar hoton kowace fitowa da waya, yana rubuta wane hannu, wane gefen mayafi.

Waɗanne ƙananan hotuna ne mai montaj ke nema?

Hannu yana ƙirga kuɗi, allon waya, ƙofa tana rufuwa, garwashi a murhu, yaro yana leƙe ta bakin labule. Da su ake ɗinke wurin da aka yanke kuskure ko aka rage doguwar magana. Kowace fitowa a samo 4 ko 5, kowanne daƙiƙa 10 ba motsi. Kuma a kowace ɗauka a bar daƙiƙa 5 kafin a fara wasa da 5 bayan an gama.

Mene ne bambancin zuƙowa da tura kyamara gaba?

Zuƙowa tana faɗaɗa hoto ne, kyamara na nan inda take, don haka komai na girma tare kamar an matso maka da hoton bango. In kyamara ce ta tafi da kanta, abin da ke kusa yana wucewa da sauri, na nesa a hankali, ginshiƙi ya gifta, ƙofa ta buɗe abin da ke bayanta, sai mai kallo ya ji shi ne ya shiga ɗakin. Ba sai da layin dogo na tura kyamara ba. Keken guragu a kan daɓen siminti mai santsi yana yi, a sassauta iskar tayoyin kaɗan, mai turawa ya fara a hankali ya tsaya a hankali.

Juya kyamara hagu ko dama a kan tirefiye kuwa, ƙa'idar da aka saba ita ce abu ya ɗauki kamar daƙiƙa 7 kafin ya ratsa firam daga gefe zuwa gefe. In an fi haka sauri hoton zai riƙa kakkaryewa. Ka san inda za ka tsaya tun kafin ka fara, kuma ka tsaya ɗin. Juyawa a dawo a sake juyawa kamar ana ban ruwa, ba mai montaj da zai iya amfani da shi.

Ɗauka da hannu aibi ce?

A'a, kuma tana da tarihi a wannan ƙasa. Jean Rouch, wani mai shirya fim ɗan Faransa, ya rasa tirefiyensa a kogi yayin tafiyar kwalekwale ta 1946 zuwa 1947, ya ci gaba da ɗauka da hannu, daga baya hakan ya zama salonsa. Tana dacewa da guje-guje, faɗa, cunkoson kasuwar Katako. Ka yi amfani da gilashi mai faɗi, 24 zuwa 35, domin dogon gilashi yana ninka rawar hannu. Gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, tafiya daga dunduniya zuwa yatsu. Abin da ba ya kyau shi ne rawar da ba dalili, mutum biyu na zaune lafiya hoto na kaɗawa.

Rana ta yi ƙarfi, fuska ta yi baƙi, shadda ta ƙone. Yaya za a yi?

Lissafin shi ne: a tsakar rana, da ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) 100 da ƙiftawa 1/50 na daƙiƙa, kyamara na neman buɗin wajen f/22. Don ka sauko f/4 sai ka rage haske mataki 5, wato ka sa wa gilashi tabarau mai rage haske na ND32, f/2.8 kuma ND64. Wanda ba shi da shi yakan ƙara saurin ƙiftawa zuwa 1/2000, sai motsi ya zama tsinke-tsinke.

Fata mai duhu da farar shadda ba sa shiga awo ɗaya cikin sauƙi. Ka auna don fuska. Ka sa rana a bayan ɗan wasa, ka mayar masa da haske da farin kwali ko farin zane daga mita 1 zuwa 2, ɗan ƙasa da fuska, don ya shiga ƙarƙashin hula. In da hali a zaɓi tufafi masu ruwan ƙasa, shuɗi ko ruwan madara maimakon fari fat. Ɗaukar fuska a yi ta a inuwar bedi ko rumfa, amma a duba ɗigon rana da ke ratso ganye yana yawo a goshi.

Ɗaukar sarari a ajiye ta ga sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Rana a nan tana faɗuwa da sauri, hasken nan mai laushi da ƙyar yake kai minti 40, don haka a kafa komai tun da wuri. Lokacin hunturu hazo yana shanye nesa, tsallaken kogi ya ɓace, sai ka sa wani abu a gaba, reshe ko kwalekwale ko mutum, don hoton ya sami zurfi. Kada a sauya gilashi a fili cikin ƙura. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi wa kyamara laima a kashe ta tsakanin ɗauka.

Me ke sa haske rawa a hoton cikin ɗaki?

Wutar ƙasar nan tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, saluloli da yawa kuma suna zuwa a kan hoto 30 a daƙiƙa. Ka mayar da kyamara hoto 25 da ƙiftawa 1/50, ko hoto 50 da 1/100 idan za a rage gudun motsi. In da gurup ake aiki, bugunsa na iya hawa da sauka, sai a gwada daƙiƙa 20 a duba a babban allo kafin a kira ƴan wasa.

Girman ɗauka ya shafi sauti?

Ƙwarai. A ɗaukar ƙirji ko fuska ana iya sauko da makirufo santimita 30 zuwa 60 bisa kai. A ɗauka mai faɗi dole ya yi nisa, sai kukan babura da awaki su rinjayi murya. Shi ya sa ake ɗaukar muhimmiyar magana daga kusa, ko a maƙala ƙaramin makirufo a ƙirji, nesa da sabuwar shadda mai ƙara. Kafin a tashi daga kowane wuri, kowa ya yi tsit a naɗi minti 1 na sautin wurin.

In don TikTok ko Facebook ne, a tsaye zan ɗauka?

In can kaɗai za shi, e, a tsaye, 9:16. Sai dai mutum biyu ba sa shiga gefe da gefe, a jera su gaba da baya. In ana son fim ɗin ya yi aiki a talabijin ma, a ɗauka a kwance da 4K, a bar ɗan wasa kusa da tsakiya, a yanko na tsayen daga baya.

Da wace ɗauka za a fara ranar aiki?

Da mafi faɗi, domin ita ke kafa inda kowa ya zauna, inda haske ya fito, da hannun da ya ɗauki kofi. Sannan a gama duk abin da ke kallon gefe ɗaya kafin a juya kyamara, don kowace juyawa tana nufin kwashe fitilu da mutane daga bayan fage, minti 20 ko 30 sun tafi. Tun daren jiya a rubuta jerin a takarda: lambar fitowa, lambar ɗauka, girma, gilashi, tsayi, motsi, da jimlar da za a fara da wadda za a tsaya. A yi wa waɗanda ba makawa alama, ta yadda in lokaci ya ƙure an san abin da za a bari. Idan fitowar kuka ce mai nauyi, a tambayi ƴar wasa tun farko ko tana son a fara da fuskarta, domin wasu hawayensu na farko ne na gaske, zuwa maimaici na shida idon ya bushe. In ta ce haka, a juya tsarin, a sa mai lura ya rubuta duk motsinta don a maimaita shi a ɗauka mai faɗi.